Ko Kun Sani?

Akwai wani ɗan tsiro da ke yawo a kan ruwa kamar kainuwa, ana kiransa Azolla, wanda manoman shinkafa a Sin da Biyetnam suka shafe ɗaruruwan shekaru suna amfani da shi a matsayin taki.

Sirrinsa na cikin ganyensa, wanda bai kai ƙwayar shinkafa girma ba. Kowane ganye yana da ɗan kogo, kuma a cikinsa wata ƙwayar bakteriya mai suna Anabaena azollae take zaune. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma tsirrai ba sa iya cinsa kai tsaye. Bakteriyar ce ke kama shi a cikin wasu ƙwayoyinta masu kaurin bango, domin oksijin na lalata sinadarin da ke yin aikin. Daga nan ta mayar da shi amoniya, ta miƙa wa tsiron, shi kuma ya biya ta da sukari. Zumuncin ya yi ƙarfi har ba ta iya rayuwa ita kaɗai.

Idan Azolla ya ruɓe a fadama, shinkafa ce ke cin gajiyar. A wannan zamani na tsadar buhun yuriya, ya kamata masana aikin gona su waiwaye shi.