Abokin Zama Na Gari Shi Ne Maganin Tsoron Jirgin Sama

A zamanin da, maniyyaci daga ƙasar Hausa yakan bi ta Barno da Chadi da Sudan, a ƙasa ko bisa jaki, har ya shekara biyu ko fiye bai ga Makka ba. Yau daga Kano zuwa Jidda bai kai awa biyar ba a jirgin sama. Duk da haka akwai magidanta masu ƙarfin hali waɗanda da zarar ranar tashi ta matso sai barci ya ƙaurace musu. Wasu 'yan kasuwa kuwa sun gwammace su kwana a mota daga Ikko zuwa Kano da su yi tafiyar awa ɗaya da rabi a sama.

Tsoron yana da tushe. Dattawa ba su manta da watan Janairu na 1973 ba, lokacin da jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Amma masana harkar sufuri sun daɗe da tabbatar da cewa jirgin sama ya fi mota aminci nesa ba kusa ba.

To, me ke razana mutum? Rashin sani, wanda ya fi dare duhu. Nan ne amfanin aboki wanda ya saba hawa yake. Aikinsa shi ne ya faɗi abin da zai faru tun kafin ya faru. Ƙarar da za a ji a ƙarƙashi bayan tashi, tayoyi ne ke shigewa mazauninsu. Toshewar kunne canjin nauyin iska ne, haɗiyar yawu ko taunar cingam takan buɗe shi. Girgizar da akan ji a sama gargadar iska ce, kamar mota a hanya mai ramuka, an kuwa ƙera jirgi don ya jure ta. Abin da ake bukata kawai a zauna da bel a ɗaure. Jirgi mai inji biyu ma yana iya sauka lafiya da inji ɗaya.

Aboki ya nemi kujera kusa da mai tsoron, in da hali daidai fikafikai, inda girgiza ta fi sauƙi. Ya tuna masa da addu'ar tafiya, ya sa shi jan numfashi a hankali, ya ja shi da hirar gida da ta kasuwa. Kada ya yi masa ba'a, kada kuma ya ba da labarin a cikin jama'a bayan an sauka, don kunya takan sa mutum ya ɓoye tsoronsa har ya fasa tafiya.

Mai karatu, in kai ne mai fargabar, faɗa wa abokin tafiyarka tun a gida. In kuwa kai ne ka saba, ka zauna kusa da ɗan'uwanka, ka riƙa yi masa bayani har jirgi ya taɓa ƙasa.