Fenti yana ƙyalli, ciwo na ƙasa: yadda jiragen ruwan masu hannu da shuni ke nutsewa

Duk wanda ya taɓa sayo mota ta hannu daga Kwatano ya san abin: jiki na sheƙi, amma sai an shiga ƙarƙashi ake ganin inda aka yi walda. To, su ma attajiran Turai masu sayen jiragen ruwa na shaƙatawa, irin waɗanda iska ke kaɗa ƙyallensu su yi tafiya, ba su tsira daga wannan ba.

Irin wannan jirgi yana da wani ƙaton ƙarfe mai nauyin tan-tan da ke rataye a ƙarƙashinsa, kamar ƙafa. Shi ke hana iska kifar da shi. Da manyan kusoshi ake ɗaure shi, su kuma kusoshin suna kama wasu haƙarƙari da aka liƙa da gam a cikin gangar jirgin. In liƙin ya saki, ƙafar ta ɓalle, jirgi kan kife nan take. Matsalar ita ce wurin yana ƙarƙashin daɓe, ido ba ya kai wa.

A watan Mayu na 2014 wani jirgi mai suna Cheeki Rafiki, ƙirar kamfanin Beneteau na Faransa, mai tsawon mita 12, ya taso daga tsibirin Antigua zai koma Ingila. A tsakiyar tekun Atlantika matuƙansa suka ba da labarin ruwa na shigo musu, daga nan aka daina jin ɗuriyarsu. Da aka gano jirgin, a kife yake, ba ƙafa, kwalekwalen ceto kuma na nan inda aka ajiye shi. Mutum huɗu suka halaka. Rahoton hukumar binciken haɗurran ruwa ta Birtaniya na 2015 ya ce jirgin ya sha gugar ƙasa a baya ana gyarawa, kuma mai yiwuwa hakan ne ya raunana liƙin. Shugaban kamfanin da ke kula da jirgin, kotu ta wanke shi daga laifin kisa, amma ta same shi da laifin sakaci, ta yanke masa ɗaurin wata 15 na jeka-ka-gyara-halinka a 2018.

Wannan dai ana iya cewa tsufa ne da wahala. Na biyun fa? Polina Star III sabo ne fil, shekararsa kusan ɗaya, ƙirar Oyster, kamfanin Ingila da ya yi suna wajen tsada da inganci. A watan Yuli na 2015 ƙafarsa ta yage tare da wani sashe na gangar a kusa da gaɓar Sifen, ya nutse. Allah Ya sa an ceto duk mutanen ciki.

Sai da aka ciro jirgin daga ƙarƙashin teku gaskiya ta fito. Kamfanin ya amsa cewa akwai rauni a yadda aka haɗa cikin jiragen samfurin 825, ya kuma bi sauran ƴan'uwansa ya ƙarfafa su. A ganina wannan ya fi musu, sai dai gyaran ya zo bayan suna ya riga ya ɓaci. A watan Fabrairu na 2018 Oyster ya durƙushe, ma'aikata suka rasa aiki. Wata guda bayan haka wani ɗan kasuwar Birtaniya, Richard Hadida, ya saye shi ya sake buɗe masana'antar.