Kyauta Ko Hakki: Maganar Asibiti A Bakin 'Yan Siyasa, Da Misali Daga Ƙasar Karaye

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Saboda haka da wuya a sami ɗan takarar da zai hau dandamali a ƙasar Kano ya sauko bai ambaci asibiti ba. Amma alkawarin da akan yi wa jama'a a kan magani ya kasu biyu, kuma kalmomi biyu ne suka raba shi, watau kyauta da hakki. Manufar wannan takarda ita ce a bayyana bambancin kalmomin nan, da yadda masu ra'ayin sawaba suka yi aiki da su a zaɓuɓɓukan ƙasa tun daga shekarun 1950, da kuma abin da wannan bambanci yake jawo wa manomin ƙauye. An ɗauki Tudun Kaya don misali. Ita mazaɓa ce cikin Ƙaramar Hukumar Karaye a yammacin Jihar Kano, kuma Karaye da maƙwabciyarta Rogo su ke haɗuwa su aika wakili guda zuwa Majalisar Wakilai ta Tarayya.

Sunan Ra'ayin

Da farko ya kamata a san ra'ayin da ake magana a kansa. Turawa suna ce da shi libaral, amma ko a wurinsu kalmar ba ta tsaya a kan ma'ana guda ba. A Ingila jam'iyyar Libaral ce ta kafa dokar inshorar lafiya ta ma'aikata cikin 1911, kuma William Beveridge, wanda daga baya ya wakilci jam'iyyar a majalisa, shi ya rubuta rahoton 1942 wanda ya share fagen ba kowa magani ba tare da biya ba. Gwamnatin Leba ce ta tabbatar da wannan tsari ranar 5 ga Yuli, 1948. A Amurka ma, in aka kira mutum da wannan suna, ana nufin yana son Gwamnati ta ɗauki nauyin marasa ƙarfi, kamar yadda aka yi wa tsofaffi cikin 1965 zamanin Shugaba Johnson. A waɗansu ƙasashen Turai kuwa, kalmar tana nufin mai son Gwamnati ta janye hannu ta bar wa kasuwa.

Masu fassara sukan ce ra'ayin sassauci, su sa shi daura da ra'ayin riƙau ko na 'yan mazan jiya. Sai dai sassauci yana nuna rangwame ne da sakin linzami, bai ɗauko ma'anar tsaya wa talaka ba. Kalmar da ta ɗauko wannan ma'ana a ƙasar Hausa ita ce sawaba, wadda ke nufin sauƙi bayan wuya. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ita ta mayar da kalmar taken siyasa. Don haka ra'ayin sawaba za a riƙa cewa a nan.

Kyauta Da Hakki

Hanya mafi sauƙi ta gane nauyin suna ita ce a dubi aikatau ɗin da yake tafiya da shi. Kyauta ana ba da ita, ana yi wa mutum ita, ana karɓa a yi godiya, har a ba da tukwici. Hakki kuwa ana biyansa, ana nemansa, ana tauye shi, ana danne shi, ana cinsa, ana ƙwato shi. Akan ce an ci hakkin wane, amma ba a cewa an ci kyautar wane da wannan ma'ana, domin wanda aka hana wa kyauta ba shi da ƙarar da zai kai gaban alƙali. Mai kyauta ya ga dama ne ya bayar, ran da bai ga dama ba ya bari. Wanda hakki ke wuyansa kuwa bashi ake binsa.

Har wa yau kalmar kyauta tana da fuska biyu. In aka ce ana shan magani kyauta, ana iya nufin ba a karɓar kuɗi a bakin taga. Ana kuma iya nufin wani mai alheri ne ya bayar. Ma'ana ta fari tana bayyana yadda ake biyan kuɗin magani, watau daga baitulmali maimakon aljihun majiyyaci. Ta biyu kuwa tana ɗora wa majiyyaci godiya. Ɗan siyasa yakan faɗi ta fari alhali ta biyu yake so mai sauraro ya fahimta, don godiyar ta zama ƙuri'a.

Zamanin En'e

A zamanin mulkin Turawa ƙasar Karaye gunduma ce ƙarƙashin En'e ta Kano. En'e ita ke tara haraji da jangali ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni, ita ce kuma ta gina Asibitin Birni cikin shekarun 1920, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala, ta kuma buɗe ɗakunan shan magani a manyan garuruwan gundumomi. Mutumin ƙauye irin na Tudun Kaya galibi wanzami da maɗori da ungozoma da mai maganin gargajiya ya sani. Ma'aikatan lafiyar da ya fi gamuwa da su kuwa su ne duba-gari da masu yin lamba, waɗanda sukan zo da ikon hukuma.

A nan ne 'yan sawaba suka kafa hujjarsu. Tun da talaka shi ke biyan haraji kowace shekara, in ji su, to makaranta da rijiya da asibiti ba alherin sarakuna ba ne, kuɗinsa ne ya komo masa. Hujjar tana da ƙarfi domin kowane magidanci ya san abin da ya biya, yana kuma riƙe da takardar shaida. A Jihar Yamma ma Gwamnatin Cif Obafemi Awolowo ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 kuɗin magani cikin shekarun 1950. Amma a zaɓen Tarayya na Disamba 1959, wanda Malam Aminu Kano ya ci kujerar Kano ta Gabas a cikinsa, matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba, alhali su ne suka fi kowa bukatar asibiti wajen haihuwa da jinyar yara. NEPU da irin su Hajiya Gambo Sawaba sun daɗe suna neman a ba su wannan dama, ba su kuwa same ta ba sai a 1976.

Zaɓen 1979 Da Abin Da Ya Biyo Baya

Malam Aminu Kano ya riƙe muƙamin Kwamishinan Lafiya na Tarayya daga 1971 zuwa 1974, zamanin Janar Gowon. Da aka komo mulkin farar hula cikin 1979, jam'iyyar UPN ta Awolowo ta fito da alkawura huɗu, biyu daga ciki su ne ilmi kyauta da magani kyauta. Jam'iyyar PRP ta Malam Aminu, magajiyar NEPU, ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, amma shugabancin ƙasa Alhaji Shehu Shagari na NPN ya samu. Da hawan Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi sai ya soke haraji da jangali a Jihar Kano.

Soke haraji babbar nasara ce ga talaka, domin an raba shi da wulaƙancin da ya daɗe yana sha. Amma akwai abin da ya tafi tare da harajin ba a lura ba. Kuɗin Gwamnati sai ya zama yawancinsa daga man fetur yake fitowa, a raba a hedkwatar Tarayya a aiko wa jihohi da ƙananan hukumomi. Manomi ba shi da sauran takardar da zai ɗaga ya ce ga abin da ya biya. Sannu a hankali asibiti ya tashi daga abin da ake bin hukuma bashi ya koma abin da wane ya kawo. Bayan 1999 har aka sami sabon suna, ana cewa romon dimokuraɗiyya. Romo kuwa ba shi ne naman ba, kuma mai tukunya shi ke zuba wa wanda ya so.

Masu sukar ra'ayin sawaba suna da tasu hujja, ba kuwa ta banza ba ce. Sun ce alkawarin magani kyauta ba tare da an tanadi kuɗinsa ba, ƙarshensa kanta babu kome, a rubuta wa majiyyaci takarda a ce ya je kemis ya sayo. An ga haka bayan faɗuwar farashin mai da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Daga nan aka karɓi shawarar da ministocin lafiya na Afirka suka yanke a Bamako cikin 1987, cewa majiyyaci ya biya ɗan abin da za a juya a sake sayo magani. A zamanin ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ƙarfafa kiwon lafiya matakin farko, bisa ƙa'idar taron Alma-Ata na 1978. 'Yan sawaba suka amsa da cewa kuɗin bakin taga, ko kaɗan ne, yakan hana matalauci zuwa asibiti sai cuta ta ci ƙarfinsa.

Wani abin lura kuma shi ne kyautar da ba a san dalilinta ba takan jawo zato. Sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a Jihar Kano cikin 2003, har zuwa Yuli 2004, tambayar da ta yawaita a bakin jama'a ita ce, me ya sa ake bin su gida gida da ɗigon nan ba ko kwabo, alhali maganin zazzaɓin cizon sauro sai da kuɗi. Sai da sarakuna da malamai suka shiga cikin aikin sa'an nan aka ci nasara, aka bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a watan Agusta 2020.

Inda Ƙuri'a Take Taɓa Asibiti

Ranar zaɓen ƙasa takarda uku ake miƙa wa mai zaɓe a Tudun Kaya, ta Shugaban Ƙasa, da ta Majalisar Dattawa, da ta wakilin Karaye da Rogo. Shi kuwa sha'anin lafiya hawa uku ne. Manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano wanda aka kafa cikin 1988, na Tarayya ne. Babban asibitin gari irin na Karaye na Jiha ne. Ƙaramin asibitin mazaɓa kuwa asalinsa aikin ƙaramar hukuma ne tare da Jiha. Ashe asibitin da ya fi kusa da manomi yana hannun hukumar da ta fi ƙarancin kuɗi. Wannan ne ya sa hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya shafi maganar asibiti.

Tsarin Mulki na 1999 ya ambaci lafiya a sashe na 17, inda ya umarci hukuma ta nufi samar wa kowa isassun wuraren magani. Amma sashe na 6 ya hana kotu sauraron ƙara a kan babin da wannan umarni yake ciki. Watau an rubuta abu da lafazin hakki, aka bar shi da hukuncin kyauta. Cikin Afrilu 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Na Tarayyar Nijeriya galibi tsakanin kashi 4 da 6 yake tsayawa, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa wajen jinya a ƙasar daga aljihun mutane yake fita.

Duk da haka an sami dokoki masu amfani, kuma in aka dubi shekarunsu za a ga yadda suke bin sawun zaɓe. Shugaba Jonathan ya sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa a ƙarshen 2014, ana gab da zaɓen 2015. Ita ce ta kafa asusun da za a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ƙananan asibitoci, da nufin kowace mazaɓa ta sami guda mai aiki. Ba a sa kuɗin asusun cikin kasafi ba sai na 2018, ana saura shekara guda zaɓe. Cikin Mayu 2022 kuma Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, zaɓen 2023 yana tafe. Wannan ya nuna ƙuri'a tana da ƙarfin motsa hukuma, ko da yake motsin yakan ragu da zarar an rufe akwati.

A Kano an kafa hukumar inshorar lafiya ta Jiha da dokar 2016, kuma sunan da aka ba tsarin da Hausa ya cancanci a lura da shi, watau taimakekeniya. Kalma ce mai nuna kowa ya kawo nasa, kamar adashi ko aikin gayya. Wanda ya zuba adashi ba ya roƙon kwasa in ranarsa ta zo. Ta haka kalmar ta maido da abin da ya ɓace tare da takardar haraji, wato shaidar cewa mutum yana da hannu a cikin abin. Wuyar ita ce ma'aikaci ana yankar nasa daga albashi kowane wata, manomi kuwa kuɗinsa sai kaka, ciwo kuma ya fi yawa da damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Abin Da Ya Rage Ga Malamai

Malamin da ke koyar da Hausa ba likita ba ne, amma yana da rabonsa a cikin wannan al'amari. Ɗalibansa su ne za su zama masu fassara a rediyo, da malaman asibiti, da masu karanta wa dattawan ƙauye takardun 'yan takara. In an koya musu rarrabe fuskoki biyu na kalmar kyauta, za su iya tambayar ɗan takara daga wace taska kuɗin zai fito, wace doka ta tsare shi, wa kuma za a kai wa kuka ranar da aka tarar babu magani. Alkawarin da ya amsa waɗannan tambayoyi uku ya kama hanyar zama hakki, kuma zai iya wanzuwa bayan wanda ya yi shi ya sauka daga mulki. Wanda bai amsa su ba, to kayan aro ne, an kuwa ce kayan aro ba ya rufe katara.