Randar Kaka

Kwanakin baya mun je gaisuwa wani gida a ƙauye. Da muka zauna a inuwa, sai uwargida ta ɗebo mana ruwa daga wata babbar roba shuɗiya. Ruwan kuwa da ɗumi, sai ka ce an ɗora shi a wuta. Can gindin danga muka hangi wata tsohuwar randa a kife, kaji suna hawa kanta. Muka tambaya. Uwargida ta ce ta kakar maigida ce, ta tsare musu wuri, har wani mai sayen tsofaffin kaya ya taya, suna jira ya komo da kuɗi. Da muka kakkaɓe ƙurar, sai ga zanen ƙadangare da kifi kewaye da kafaɗarta, irin aikin matan Gwari. Ko tsaguwa ɗaya babu.

Mai karatu, ko ka taɓa ganin yadda ake gina irin wannan randa? Matan Gwari, ko Gbagyi kamar yadda suke kiran kansu, ba su da inji. Mace takan cuɗa yumɓu, ta ajiye curi guda, ta huda tsakiyarsa da hannu, sa'an nan ta riƙa jan gefen zuwa sama. Tukunyar tana zaune wuri ɗaya, maginiyar ce take zagaya ta a sunkuye, tana ƙara yumɓun da ta murza kamar igiya, har ciki ya buɗe, wuya ya tsuke. Ba awo, ba ma'auni, amma bakin yakan fito daidai. In ta ɗan sha iska sai a yi mata zane da bakin wuƙa, a gangara murɗaɗɗiyar igiya a jikinta don ado. Bayan ta bushe sarai a tara itace da ciyawa a fili, a gasa ta. A wurare da yawa akan yayyafa mata ruwan makuba tun tana da zafi, domin ta yi ƙarfi, ta yi duhu.

Sanyin ruwan randa ba abin mamaki ba ne. Wutar fili ba ta toshe 'yan ƙananan kafofin da ke jikin yumɓu. Ruwa yakan tsattsafo ta nan kaɗan kaɗan, iska ta busar da shi, bushewar nan kuwa ita ke janye zafi daga ruwan da ke ciki. Roba ba ta tsattsafo, don haka ba ta iya wannan aiki. Da wannan hikima wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, don kayan miya su daɗe ba su lalace ba. Ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000.

Wanda yake ganin ginin tukunya ƙaramar sana'a ce, bari ya duba bayan takardar naira 20. Matar nan da ke sunkuye a kan tukunya ita ce Ladi Kwali. A garin Kwali aka haife ta, ta kuwa koyi sana'ar tun tana yarinya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a fadarsa. A can wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya gan su. Shi ne ya buɗe makarantar ginin tukwane a 1952 a Abuja ta dā, wadda ake kira Suleja yanzu, Ladi kuma ta shiga a 1954, mace ta fari a wurin. An nuna aikinta a Landan a 1958, ta zaga Amurka a 1972 tana gini a gaban jama'a. Ba ta yi karatun boko ba, duk da haka Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984.

Akwai wani abu da ya ba mu dariya a labarin nan. Randunan da ta gina a makarantar, an shafa musu ruwan ƙyalli mai kama da gilas, an gasa su a tanderu mai tsananin zafi. Suka yi kyau ƙwarai, suka yi nauyi, kafofinsu suka toshe. Suna nan a gidajen tarihi na ƙasashen waje, amma ba sa sanyaya ruwa. A wajen wannan, randar da kaji suke hawa ta fi su.

Ba mu ce kowace tsohuwar tukunya dukiya ce ba. Amma mai sayen tsofaffin kaya ya san abin da yake nema, mai gida ne sau da yawa bai san abin da yake sayarwa ba. Kafin ku sallama, ku tambayi tsofaffin gida: wa ya gina ta, a wane gari, da auren wa ta shigo? Ku sa yaro ɗan makaranta ya rubuta amsar a bayan littafin iyali. Haka kuma za a yi da ƙwarya mai zane, da akushi, da turmi, da kujerar tsakar gida.

Kula da randa ba wuya. A girka ta a inuwa bisa yashi, inda iska take ratsawa, a rufe bakinta da faifai, a ware mata moɗa guda mai tsabta. A riƙa wanke cikinta da ruwa zalla, gama yumɓu yakan sha sabulu. Kada a ɗaga ta ta baki, a rungume ta ta ciki. Wadda ta tsage ma tana da sauran amfani: a zuba ƙasa da taki, a dasa barkono ko ɗaɗɗoya a bakin ƙofa, tsaguwar ta zama mafitar ruwa.

Kafin mu tashi daga gidan nan, maigida ya sa samari biyu suka birkice randar, suka kai ta gindin mangwaro. Bai ce ya fasa sayarwa ba. Ya ce dai a cika ta, ya ga yadda ruwan zai kwana.