Sauya Katin Hoto a Kwamfuta: Lissafin da Ya Kamata Masu Sana'a a Yola Su Yi Kafin Su Zuba Kuɗi

YOLA — Duk wanda ya zaga shagunan ɗab'i da na ɗaukar hoto a Jimeta, daga kewayen babbar kasuwar zamani zuwa titin Mohammed Mustapha da na Galadima Aminu, zai ga cewa kwamfutar tebur ce ƙashin bayan sana'ar. Da ita ake zana katin gayyatar aure, da kalanda, da hotunan 'yan takara, da ita kuma ake haɗa bidiyon biki. Haka ma ɗaliban zanen gine-gine da na injiniya a Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, ba su da abokin aiki da ya fi ta.

Sai dai da yawa daga cikin waɗannan na'urori 'yan kwatano ne, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas. An ƙera su ne domin rubutu da lissafi, don haka da zarar an ɗora musu aikin bidiyo ko zane mai nauyi sai su fara jan ƙafa. A nan ne batun katin hoto ke tasowa, wato allon nan mai ƙwaƙwalwarsa ta daban da ke ɗauke wa kwamfuta nauyin sarrafa hoto.

Dalilin da ya sa masu sana'a ke karkata ga sauya kati maimakon sayen sabuwar na'ura a fili yake. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ake sayarwa kimanin naira 460 a hukumance kafin wannan mataki ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024, kuma kusan dukkan kayan kwamfuta daga waje ake shigo da su. Sauya kati ɗaya ya fi sauƙi ga aljihu, amma araha ba ta zama riba sai an yi lissafi huɗu tukuna.

Na farko shi ne ƙarfin wuta. Ramin da ake soka kati a cikinsa, wanda ake kira PCI Express, wat 75 kaɗai yake bayarwa. Kati irin GTX 1650 na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a 2019, yana da nau'in da wannan ya ishe shi. Amma RTX 3060 na 2021 wat 170 yake ci, yana bukatar ƙarin waya daga akwatin rarraba wuta na cikin kwamfuta, kuma kamfanin ya ba da shawarar akwati mai wat 550. Ƙananan kwamfutocin ofis kuwa galibi akwatinsu bai kai wat 300 ba. Wanda ya yi biris da wannan, zai ga na'urarsa tana mutuwa a tsakiyar aiki.

Na biyu shi ne girma. Siraran kwamfutocin Dell da HP da suka cika kasuwa ba sa karɓar babban kati, sai gajere wanda aka yi domin irinsu. Wajibi ne a auna tsawo da faɗin wurin kafin a aika kuɗi Legas ko Kano, domin mayar da kaya daga Yola wata asara ce ta kuɗin mota da ta lokaci.

Na uku shi ne asalin katin. A 2017 da kuma 2021 masu haƙar kuɗin intanet sun wawashe katunan hoto a duniya har farashinsu ya yi tashin gwauron zabi. Da tsarin Ethereum ya daina amfani da wannan hanya a watan Satumban 2022, sai aka antayo katunan cikin kasuwar tsofaffin kaya. Irin waɗannan sun yi watanni suna aiki dare da rana, fankokinsu sun gaji. Bai kamata a biya kuɗi ba sai an gwada katin da aiki mai nauyi a gaban mai saye, an kuma rubuta sharaɗin mayarwa a rasit.

Na huɗu shi ne shekarun na'urar kanta. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 ba ta amince a hukumance da yawancin ƙwaƙwalen Intel da suka girmi zubi na takwas ba. Sabon kati ba zai mayar da tsohuwa yarinya ba. Idan ƙwaƙwalwar ta tsufa ƙwarai, gara a tara kuɗin a sayi wata.

Aikin sauyawar kansa ba shi da wuya. Da farko a kwashe ayyukan abokan ciniki a adana a wani wuri, sannan a goge manhajar tsohon kati, wadda masu gyara ke kira direba. A kashe na'ura, a zare wayarta daga bango, a taɓa ƙarfen akwatin domin sauke wutar da ke jikin mutum. Daga nan a kwance kusar da ke riƙe da tsohon katin, a danna ɗan makullin da ke ƙarshen ramin, a zaro shi a hankali. A soka sabon har makullin ya kama, a ɗaure, a haɗa wayar wuta idan yana da ita. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin wayar allon kallo a tsohon mazauninta maimakon mayar da ita jikin sabon katin. Daga bisani a sauko da direba daga shafin kamfanin da ya ƙera shi.

Bugu da ƙari, yanayin Yola yana da nasa hukunci. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka. Kati mai ƙarfi zafi yake fitarwa, yana kuma ƙara wa janareta nauyi, abin da ke nufin ƙarin kuɗin mai a kowane wata. Hawa da saukar wuta ma kan lalata shi cikin ƙiftawar ido. Saboda haka kuɗin sitabilaiza ko UPS, da na kakkaɓe ƙura a kai a kai, suna cikin farashin katin.

Ga mai shagon da aikinsa bai wuce buga takardu da katin gayyata ba, ƙarin RAM da faifan SSD sun fi yi masa amfani, kuma sun fi araha. Mai haɗa bidiyo da mai zanen gini su ne katin zai biya wa bukata, muddin sun auna wuta da wuri kafin su taya.