Harshen Ciniki A Abijan: A Kula Da Lissafin Jula

Jama'a, duk wanda ya sauka tashar Ajame karon farko, kunnensa zai ruɗe. Daga tashar zuwa unguwar Ajame Meri, mutum zai ji Faransanci, ya ji Jula, ya ji Bawule da yaren Mosawa, ga kuma Nushi, wato gaurayen yaren da yaran motar gbaka ke yi. Hausa ma tana nan, bakin 'yan'uwanmu na Nijar masu tireda da masu tsire, har cikin Tireshbil. Amma kada wannan ya yaudare mu.

Mu da a baya muka daɗe muna kai shanu karar Por-Buwe, kusa da mayanka, mun san kowane harshe da wurinsa. Faransanci na takarda ne, na kwastan da jandarma da likitan dabbobi. Fillanci na masu kora ne. Ciniki kuwa, da Jula ake ƙulla shi. Saniya ita ce "misi", nawa ne "joli", sannu da aiki "i ni ce", maigidan da ya sauke ka kuma "jatigi".

To, ga inda ramin yake. Bajule ba ya ƙirga sefa ɗaya-ɗaya, da "dorome" yake lissafi, wato sefa 5, daidai da dalar mutanen Maraɗi. In ya ce "keme", ɗari ke nan, amma sefa 500 yake nufi. In ya ce "wa kelen", dubu ɗaya, to sefa 5,000 ce. Bakano da tafinta ya ce masa an taya sansa dubu sittin, sai ya fusata ya kora, alhali 300,000 aka taya. Bamaraɗe ma bai tsira ba, domin jikkarsa 1,000 ce, "wa" kuwa jikka biyar.

Saboda haka shawararmu ita ce, kafin a ce "albarka" ko "na sallama", a sa dillali ya rubuta kuɗin da lamba, a gaban shaidu biyu, har da la'adarsa. Alƙur'ani ma ya umarce mu da rubuta bashi. Kuma baƙo ya koyi ƙirgar Jula tun a mota, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.