Zaɓen Sabuwar Taga: Bayani ga Uwayen Ƙasa da Malamansu

A 'yan shekarun nan mutane da yawa a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo suna cire tsofaffin tagogin gidajensu suna sa sababbi. Waɗansu gara ce ta cinye musu katako, waɗansu tsatsa ta ci ƙarfe, waɗansu kuwa gini suka sake ɗungum, musamman a garuruwan bakin gulbin Rima da ambaliyar watan Satumba na 2010 ta yi wa ɓarna. Sanin kowa ne abin da uban ƙasa ya sa a zaurensa shi dagaci zai nema, talaka kuma ya yi koyi da dagaci. Sabo da haka ya kamata uwayen ƙasa da malamansu su san yadda a ke zaɓen taga, musamman wata iri da ta shigo kasuwa, wadda firam ɗinta na roba ne mai tauri. Masu sayarwa suna kiranta uPVC, mutanen Amurka kuwa binil su ke ce mata.

A Jamus aka fara yin irin wannan taga cikin shekarun 1950. Robar ɗaya ce da ta farin bututun ruwan famfo, watau ba mai lanƙwasuwa irin ta takalmi ba. Amfaninta a fili ya ke. Gara ba ta cinta, ba ta tsatsa, ba ta kuwa bukatar fenti. Ba ta ɗauko zafin waje ta shigo da shi ɗaki kamar alminiyam, wanda mu ke kira sanholo, gama sanholo ya fi wannan roba saurin ratsa zafi kusan sau dubu. In kuma an haɗa ta da kyau, akwai baƙar roba mai taushi kewaye da gilashi da ƙyauren, wadda ke tare ƙurar hunturu. Malamin da ya saba kakkaɓe littattafan ofis kowace safiya daga Disamba zuwa Fabrairu ba sai an gaya masa darajar wannan ba.

Amma fa don ƙasashen sanyi aka ƙago ta, ranar Sakkwato kuwa ba irin ta Jamus ba ce. A bazara zafin inuwa kansa ya kan wuce digiri 40, abin da ke tsaye cikin rana kuwa ya fi haka nesa. Wannan roba ta kan fara laushi a wajen digiri 80. Tun ba ta kai nan ba ta kan miƙe da zafi ta tsuke da sanyi: kowace mita guda ta kan ƙaru da misalin milimita 2 in zafi ya hau da digiri 30, watau kamar ninki uku na abin da sanholo ke yi, ninki biyar ko shida na baƙin ƙarfe. Hasken rana kuma yana cin robar da ba a gauraya ta da isasshen maganin kariya ba, sai ta yi rawaya, ta yi gautsi, ta tsage kamar tsohon bokitin da aka manta a tsakar gida.

To, ta yaya mai saye zai rarrabe mai kyau da marar kyau, tun da ya ke duk farare ne a shago? A Turai akwai ƙa'idar da a ke kira EN 12608, wadda ta kasa wannan roba gida biyu: mai harafin M ta ƙasa mai matsakaicin zafi ce, mai harafin S ta ƙasa mai tsananin rana ce. Tamu ita ce mai S. Ƙa'idar ta kuma ce kaurin bangon robar na waje ya kai milimita 2.8 a aji na A, ko 2.5 a aji na B. A nemi mai kanti ya nuna wannan a takardar kamfani ko a jikin firam. In kayan daga waje aka shigo da su, a tambayi takardar SONCAP ta hukumar SON mai lura da ingancin kaya a Nijeriya. Wanda ya ce ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma kayansa sun fi na kowa sauƙi, to, a tuna araha ba ta ado.

Akwai dabara kuma da ba ta bukatar karatu. A ce masa ya kawo guntun firam da aka yanke a duba cikinsa. Mai kyau a kan ga an kasa cikinsa ɗaki ɗaki, da ƙarfe marar tsatsa a zure cikin babban ɗakin. Wannan ƙarfe shi ne ƙashin bayan tagar, shi ke hana ta lanƙwashewa, shi ne kuma ke riƙe hinji da sakata. In an riga an haɗa tagar ba a iya ganin cikinta, sai a kara mata maganaɗisu: in ya kama, akwai ƙarfe. Game da launi, fara ita ce tamu. Mai launin katako ko baƙa ta fi kyan gani, ba gardama, amma ta fi shan zafi, ita ce kuwa ta kan fara karkacewa a bangon yamma.

Sa'an nan a dubi bangon da za a sa ta. Wannan shi ne abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Tagar roba ba ta ɗaukar nauyi ko kaɗan. A ginin bulo mai linta ta siminti ba wata wahala. A ginin ƙasa kuwa, inda azara ce ke riƙe da saman taga, bango ya kan zauna a hankali, ya sha ruwa da damina ya bushe da rani, in ya danno firam sai ƙyauren ya ƙi rufuwa ko gilashi ya fashe. Magabata da suka gina soraye a Wurno tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a can a 1837, ƙananan tagogi su ke yi can sama cikin bango mai kauri, don haka ɗakunansu ke da sanyi. Ba hikima ba ce a fasa irin wannan bango a buɗe babbar kafa don kawai a sa gilashi. Wanda ya nace, sai magini ya fara kewaye kafar da bulo da siminti, ya zuba linta, ta bushe sarai. In ba za a iya wannan ba, ƙyauren katako mai maganin gara ko na ƙarfe mai fenti ya fi dacewa da gidan ƙasa.

Awo ma a yi shi da natsuwa. A auna faɗi wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, tsawo ma wuri uku, a ɗauki mafi ƙanƙanta, sa'an nan a rage misalin santimita guda don robar ta sami wurin miƙewa. Ratar da ta rage da abin liƙi mai taushi a ke cike ta. Maginin da ya cusa siminti ya matse firam ta kowane gefe ya riga ya kashe tagar.

Wace siga za a zaɓa? Mai zamewa gefe ta fi yawa a kasuwa, amma rabinta kaɗai ke buɗuwa, ƙura kuma ta kan cika hanyar da ta ke bi. Mai buɗewa kamar ƙofa tana ba da iska duka, ta kuma fi matsewa in an rufe. A garin da wutar lantarki ba ta tsayawa, iskar nan ita ce fanka. Bangon gabas shi ya fi bukatar mai matsewa, gama ta nan hadari ya kan taso da guguwa. Na yamma kuwa ya sami rumfa ko inuwar itace. Gilashi mai ruɓi biyu yana da tsada, ba ya kuwa mai da kuɗinsa sai a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki kullum. Abin da ba a yin sakaci da shi shi ne ragar sauro, tun ba a garuruwan fadama ba, inda shinkafa da ruwan madatsar Goronyo ke tara sauro har cikin rani. In an sa ƙarafan tsaro, a bar ɗaya a kowane ɗakin kwana mai buɗuwa daga ciki, sabo da gobara.

Sai batun gyara. Mutumin Magarya in ƙyauren katakonsa ya ɓalle, ko tagar ƙarfensa ta tsinke, ba zai rasa kafinta ko mai walda a Wurno ko Acida ba. Kusurwar tagar roba kuwa da inji a ke narka ta a haɗe, in ta tsage ba ta ɗinkuwa da ƙusa ko walda, sau da yawa sai an koma Sakkwato wurin wanda ya haɗa ta. Don haka kada a yi ciniki da wanda ba shi da shago tsayayye.

Nan ne aikin malami ya shigo. Kafin a ba da kuɗin kafin alƙalami, ya rubuta yarjejeniya: yawan tagogi da awon kowace, sunan kamfanin robar da ajinta, kaurin gilashi, cewa akwai ƙarfe a ciki, da shekarun da mai kanti ya ɗauki lamunin gyara in ta canja launi ko ta karkace. Kowa ya sa hannu gaban shaidu, a riƙe wani kashi na kuɗin sai an sa tagogin an buɗe kowace an rufe, an kuma watsa mata ruwa daga waje an ga bai shiga ba.

Bayan an sa, ruwa da sabulu sun isa wanke ta. Kada a goge ta da fetur ko sinadarin narka fenti. Akwai 'yan ƙofofi a ƙasan firam ta waje inda ruwan sama ke fita. Ƙurar hunturu ta kan toshe su, zanzaro ma ya kan yi gini a ciki, sai a sa tsinke a buɗe su kowace shekara cikin watan Mayu, kafin ruwan fari ya sauka.